Jan Zare a Rigar Goshi

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, abu ɗaya ne ke iya fitar da shi daga ɗaki, shi ne dokinsa Goshi. Likitan asibiti ya ce ya riƙa taka ƙafar, Inna ta lallasa, jikoki sun ja masa hannu, duk a banza. Amma da zarar Goshi ya yi haniniya daga bargar da ke bayan gida, sai a ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a kan siminti. Baba zai bi jikin bango, ya wuce igiyar shanya, ya wuce famfo, har ya kai bakin barga ya zauna a kan tsohuwar taya. Nan zai wuni yana yi wa dokin hira da bakinsa da ya ɗan karkace.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ta fi kowa lura da wannan. Tela ce. Ta yi aure a unguwar gaba, amma shagonta na ɗinki yana jikin ƙofar gidan iyayenta, don haka kullum da safe takan iso da jaririyarta a goye. Ta tagar bayan shagon tana hango barga, kuma ta san cewa duk takun da Baba ya yi zuwa wurin dokin nan magani ne da ba a sayarwa a kanti.

Sai ga shi Goshi ya fara susa. Ya goga wuyansa a jikin turke, ya juya ya goga tushen wutsiya a bango. Kafin a ankara gezarsa ta zube wuri-wuri, fatar ta yi ja, ta yi ɓawo, wani wurin har yana tsattsafo da ruwa.

Auta ta kira likitar dabbobi. Wata 'yar gajeriyar mace ce mai fara'a. Ta kankari fatar kaɗan ta tafi da ita ta duba, sannan ta dawo ta ce ba ƙazuwa ba ce, kuma ba ya kama mutum. Wasu ƙananan ƙwari ne masu cizo da safe da yamma, jikinsa ba ya shiri da su, shi kuma susa ke ƙara masa ciwon.

"Maganinsa yana cikin ɗakinki," in ji ta, tana wasa da ƙafar jaririyar. "Sabulun da kike yi wa wannan wanka, da farin man da kike shafa mata in kunzugu ya cinye ta. Ki wanke a hankali da ruwan ɗumi, ki tsane da tawul har ya bushe, ki shafa kaɗan. A hana ƙwarin kaiwa gare shi. In kin ga kumburi ko mugunya, ki kira ni."

Auta ta bi maganar nan tiryan-tiryan. Amma ciwo ya ƙi. Yau ta bar shi ya fara bushewa, gobe ta tarar ya koma ɗanye.

Babban wansu, wanda kowa ke kira Yaya, bakanike ne, garejinsa na bayan katangar barga. Mutum ne mai faɗa da ƙarfi, in ya yanke magana ba ya son a maimaita masa. Wata rana da rana tsaka ya leƙo shago yana goge hannu da tsumma.

"Auta, dokin nan zai bar gidan nan."

Ƙafarta ta tsaya cak a kan keken ɗinki. "Zuwa ina, Yaya?"

"Gonar abokina, mai babbar motar da nake gyarawa. Yana da fili, yana da masu kula. Ranar da motar ta tashi, ranar za a ɗauke shi."

"Likita ta ce ba wani babban abu ba ne."

"Likita ba ta kwana a gidan nan. Kin ga idon Baba kuwa? Kullum yana zaune yana kallon dabba tana cin jikinta, abinci ma ya rage ci. In jininsa ya sake hawa, ke za ki sauke shi da allurar ɗinki?"

"In an ɗauke Goshi, wurin wa Baba zai riƙa tafiya? Wurinka?"

Yaya ya duƙar da kai yana kallon tsummansa. "In ya warke kafin motar ta tashi, shi ke nan. In bai warke ba, na gama magana."

Bayan fitarsa Auta ta daɗe ba ta taka keke ba. Ta san Yaya ba mugunta yake nufi ba. Ta kuma san in bargar nan ta zama wayam, Baba zai koma kan katifa, kuma ba lalle ya sake tashi ba.

Abin da ya rage cikin maganar likita shi ne hana ƙwari. Ta yi tunanin hayaƙi, ta ga zai sa Baba tari. Idonta ya faɗa kan tsohon gidan sauron da Inna ta ajiye a kan sif, ta yi dariya ita kaɗai. Ta ɗauki tef ɗin awo ta nufi barga.

"Me kuma za a yi?" in ji Baba.

"Riga zan ɗinka masa, Baba. Riƙe min nan."

Baba ya danne bakin tef da hannunsa mai lafiya. Auta ta auna daga wuya zuwa wutsiya, ta auna ƙirji, ta auna faɗin ciki, kamar yadda take auna kowane mai kawo ɗinki. Goshi ya juyo yana shinshinar goyon da ke bayanta.

"To, ki yi masa aljihu," in ji Baba. "Ya samu wurin zuba dusa."

Rabon da ya yi barkwanci tun kafin ciwo. Auta ta juya baya don kada ya ga idonta.

Ta yanka gidan sauron gida biyu, ta yi masa shafi da tsohon zanin gado mai laushi a wuya da kafaɗa, inda ciwon ya fi yawa. Ba ta sa maɓalli ba, don ta san zai cizge ya haɗiye. Da ta wanke ciwon ta shafa mai ta sa masa rigar, sai ta kama bakin ƙirjin da allura, da jan zaren da ya ragu daga wani ɗinki. Ta yi niyyar kowace safiya ta warware, ta yi magani, ta sake kamewa.

Washegari ta zo da almakashi za ta yanke jan zarenta, sai ta tarar da farin zare. Ɗinki ne ƙanana-ƙanana, a jere kamar haƙoran fara, an naɗe ƙarshensa sau biyu an soke ta ciki. Auta ta san hannun nan kamar yadda ta san tafin hannunta, domin na Inna ne, shi ya koya mata riƙe allura. Ta buɗe rigar ta sunkuya. Ƙamshin man goge baki ya bugi hancinta.

Ta wanke, ta tsane, ta shafa nata, ta mayar da jan zare.

Safiyar da ta biyo baya babu zare ko ɗaya. An huda bakin rigar an murɗe da siririyar waya, murɗa mai kyau, irin ta mai filaya. A ƙarƙashi kuwa fatar ta yi baƙi ƙirin tana maiƙo, zanin gadon ya ɓaci da baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga inji. Goshi sai karkaɗa fata yake yana buga ƙafa.

Auta ta dafe ƙirji. "Yaya?" ta ce a hankali, kamar mai tambayar dokin.

Ta kira likita a waya. Likita ta ce maza ta wanke shi tas da sabulun jariran da ruwan ɗumi, ta yi ta ɗaurayewa, domin baƙin mai yana ƙona fata, kuma in ya lasa zai cutu. Rabin safiyar nan a barga ta ƙare, ɗinkin mutane yana jira.

Na uku bai ma ɓoyu ba. Da yamma ta hango ta taga Baba ya jingina da jikin dokin, ya yage ɗinkin da yatsa, yana dirje ciwon da soson wanke-wanke da sabulun wanki. Da ya gama ya ɗaure bakin rigar da igiyar buhu, ɗaurin mai hannu ɗaya, yana ja da haƙori. Bai tsane ba. Haka ya rufe rigar a kan jiƙaƙƙiyar fata.

Auta ta zauna a kan kujerar ɗinki. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Ciwo ɗaya, masu magani huɗu, kowa yana goge na wani ya shafa nasa, kowa kuma yana ganin shi kaɗai ne ya damu. Haushi ya zo mata, bai daɗe ba dariya ta kore shi. Ta yi tunanin ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ga kowa zai musa. Sai ta adana farin zaren da wayar da igiyar a cikin gwangwanin maɓallai.

Da safe ta aika a ce da Inna da Yaya tana neman taimako a barga, rigar ta maƙale. Baba dama yana kan tayarsa. Da suka hallara ta shimfiɗa tawul a kan kwanon dusa, ta jera kayan nan uku.

"Ina neman masu waɗannan," in ji ta. "An yi ta taya ni ɗinki, ban samu na yi godiya ba."

Inna ta gyara mayafi ta kalli sama. "Wannan farin zaren ai ko'ina akwai shi."

"Zaren kam akwai, Inna. Naɗin ƙarshen ne babu. Sau nawa kika buge min hannu a kansa?"

"To, sai me? Man goge bakin ai sanyi yake sawa. Da kuka ƙone kuna yara ba shi nake shafa muku ba? Ga ku nan da fatarku."

"Au, ke ce mai abin nan fari?" in ji Baba. "Ni ina ta dirjewa, na zaci tsutsa ce ta yi ƙwai."

"Dirjewa? Da me, Malam?"

"Da soso mana."

"Sosona! Ina ta zargin jikoki, ashe babban jikan ne."

Baba ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Yaya ne kaɗai bai yi ba. Ya harɗe hannu yana kallon katanga, kamar an ce masa ta tsage. Auta ta ɗauki wayar ta miƙa masa da hannu biyu.

"Yaya, ga kayan aikinka."

"Masu waya a unguwar nan sun fi a ƙirga."

"Gaskiya ne. Sai dai ban san mai tsallaka katangar gareji da baƙin mai ba. Ga sawun takalminka can a kan buhun harawa."

Duk suka juya suka kalli buhun. Sawun na nan raɗau.

"Kai ne mai cewa a ɗauke shi," in ji Inna, ta kama haɓa. "Ashe kana bi ta baya kana jinya."

Yaya ya sosa ƙeya. Muryarsa ta sauka yadda Auta ba ta taɓa ji ba. "Wani direba ne ya ce yana kashe ƙwari. Inna, a kan dokin nan na koyi hawa fa. Kuna zato daɗi nake ji in gan shi haka?"

Auta ta yi magana a hankali, yadda take yi wa mai koyon ɗinki.

"Babu wanda ya yi don cuta. Amma garin gyaran gira mun kusa rasa ido. Fatar nan kamar ta jaririyata take yanzu. Man goge baki yana yi mata zafi, baƙin mai yana ƙona ta, soso yana ɗaye ɓawon da take ƙoƙarin yi. In kuma an rufe ta da lema, sai ta jiƙe ta ruɓe. Abu ɗaya za mu yi, kuma a gaban juna."

Ta san in ta hana su taɓa dokin, za su koma yi a ɓoye. Don haka ta raba musu aiki. Wanki nata ne, kuma ba kullum ba, sai wurin ya yi datti. Shafa mai na Inna ne, don hannunta ya fi na kowa taushi, ita ce kuma za ta riƙa kame rigar da farin zarenta. Tawul na Baba ne, ya riƙa dannawa a hankali har fata ta bushe, ban da gogawa.

"Da wannan hannun za ka yi, Baba," in ji ta, ta taɓa wanda ya shanye. "Mai lafiyan ya cika ƙarfi."

Baba ya kalle ta, ya kalli hannun. Ya gane dabarar sarai, amma ya karɓi tawul ɗin.

"Ni fa?" in ji Yaya.

"Kai naka ya fi yawa. Likita ta ce ƙwarin nan a wuri mai danshi suke haihuwa, kuma ba sa iya tashi cikin iska. Ruwan wankin motocinku yana kwanciya a gindin katangar nan. Ga kuma tsohuwar fankar falo da ta daina juyawa."

Kafin la'asar an ji Yaya yana fasa kwata da diga, yana yi wa ma'aikatansa tsawa. Da yamma ya ɗaure fankar can sama a jikin ginshiƙi, ya bi da wayarta ta saman rufi inda baki ba zai kai ba. Da ta fara juyawa Goshi ya ja da baya yana huci, sannan ya matso ya miƙa wuya ya lumshe ido.

"Maganata tana nan fa," in ji Yaya yana saukowa daga tsani. "In motar ta tashi bai warke ba..."

"Mun ji, Yaya."

Warkewa ba ta zo da gudu ba. Da fari susar ce ta ragu. Sannan jan ya dushe, ɓawon ya bushe ya riƙa faɗuwa da kansa. Akwai ranar da Goshi ya samu ƙusa a jikin turke ya yage rigar ya sake fame wuri ɗaya, Auta ta kusa kuka. Inna ce ta ce mata sannu ba ta hana zuwa, ta ɗauko allura suka yi faci tare, Yaya ya zare ƙusar. Shi kuwa Baba, tawul ya yi ta zamewa daga yatsunsa yana faɗuwa, yana tsaki, yana sunkuyawa ya ɗauka. A hankali ya daina faɗuwa.

Duk yamma Auta takan kasa kunne ta ji ko babbar motar ta yi gurnani a bayan katanga. In ta tambaya, Yaya ya ce saura abu kaza, kayan ba su iso ba.

Wata safiya tana cikin yanka yadi sai ta ji ƙasa na girgiza. Ta leƙa. Babbar motar ce tsaye a ƙofar gida, an sauke mata baya, mai gona yana dirowa. Dogo ne mai tumbi da yawan dariya. Auta ta gyara goyo ta bi su har barga, inda ta tarar da Baba a tsaye, Inna na gefensa.

"Ina majinyacin?" in ji mai gona. Ya hango doki cikin gidan sauro mai faci, fanka na kaɗa masa, ya fashe da dariya. "Ikon Allah! Wannan ai ya fi ni gata. Ni ko a gidana ba a kunna min fanka."

"Auta," in ji Baba, "cire masa rigar su gani."

Ta yanke farin zaren, ta zame rigar ta baya. Hasken safiya ya sauka a wuyan Goshi. Babu ja, babu ɓawo, babu ruwa. Duk inda ya zube, sabon gashi ya tsiro gajere mai laushi, ya fi na kewaye duhu, gezar ta miƙe tsaye kamar sumar yaron da aka yi wa aski. Mai gona ya shafa wuyan da tafin hannu, ya zagaya ya duba wutsiya.

"Wannan ne aka ce min ya lalace? Kai bakanike, wasa kake da ni? Dama na san da walakin. Motar da ta tashi tun tuni, na zo da kaina na ji kukanta, kullum ka ce min saura kaza. Yau dai na ce ko ta ƙarfi sai na karɓi abata."

Inna ta saki salati tana tafa hannu. Auta ta juya ta kalli Yaya, shi kuwa ya ɗaga kai yana duba fankarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Birki ne bai yi min ba," in ji shi.

"Birkin mota ko na zuciya?" in ji Inna.

Baba bai shiga dariyar ba. Ya kwance ragama daga turke, ya naɗa ta a hannunsa mai lafiya. Ɗaya hannun, wanda ya sha tawul, ya ɗaga shi sannu a hankali ya ɗora a kafaɗar dokin, yatsun suka kama sabuwar gezar.

"Ku ba mu hanya," in ji shi. "Ya daɗe bai ga ciyawa ba."

Yaya ya zabura zai tare, Auta ta riƙe masa gefen riga. Goshi ya taka, ya tsaya ya jira, Baba ya ja ƙafa ya cim masa. Haka suka wuce famfo, suka wuce igiyar shanya, suka fita ƙofar da Baba bai taka ba tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti. Mai shagon kusurwa ya fito yana ɗaga hannu. Wanzamin da ke tsallake ya bar kan mutum rabi da kumfa ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran, "Baba ya fito! Baba ya fito!" Mai gona ya hau motarsa ya ja ta gefe don ya buɗe musu titi, bayanta wayam.

Auta na biye da su daga nesa kaɗan, rigar gidan sauron a kafaɗarta, domin yamma na zuwa kuma ƙwari ba su yi ƙaura ba. Sai da suka kusa filin da ke ƙarshen titi ta ji taku a bayanta. Yaya ne, yana haki, riƙe da sandar Baba da aka manta a jikin tsohuwar taya.

"In kai masa?" in ji shi.

Auta ta dubi tsohon da dokinsa, suna tafe kafaɗa da kafaɗa.

"Riƙe ta dai, Yaya," in ji ta. "Hannunsa duka biyu suna da aiki."